Ranar Ruwanmu Talata Ce

Kafin in ce komai, bari in fara da ke Hajiyar da kika rubuto min daga Kaduna kika ce mace mai hankali ba ta buga gem. Na gani, na karanta, na kuma gode. Amma ki sani, da hannun da nake buga gem ɗin nake tuƙa tuwon mutum goma sha ɗaya, kuma ba a taɓa dawo min da kwano da saura ba. Ku kuma da kuka shigo zauren nan yau, sannunku da zuwa. Sunana Rufaida, 'yar Kura ce ni gaba da baya, ina aji biyu a kwalejin ilimi a Kano, kuma daga kafe ɗin intanet na bakin makaranta nake turo muku labarina duk sanda na dawo daga gida. Saura wata biyu bikina da Musaddiƙ. Ko in ce ya zuwa Litinin ɗin da ta wuce saura wata biyu ne. Yanzu kam Allah ne masani.

Yayana Suhaibu yana da shagon cajin waya a jikin gidanmu. Bara ya sayo na'urar gem ta PS2 da wata tsohuwar talabijin, shago ya koma majalisa. Akwai 'yar taga tsakanin shagon da ɗakin da muke ajiye hatsi, an rataya mata tsohon zanen Umma. Nan ne kujerata. Da yake gem ɗin da ya fi tashe a wurinsu da Turanci yake magana, ni ce tafinta. Su danna, ni in fassara ta bayan labule. Ranar Juma'a da safe kuma, in shago yana rufe, hannun gem nawa ne ni kaɗai.

Sunan gem ɗin ba ya faɗuwa a bakin kowa, sai suka raɗa masa Ƙofar Ruwa. Labarin wata jaruma ce mai jan kallabi, garinsu yana can ƙarshen wani kogi, kogin kuma wani sarki ya datse shi da ƙatuwar ƙofar ƙarfe. Ta sha fama da dodanni da aljanun dutse har ta iso ƙofar. Wa za ta tarar yana gadi? Ɗan sarkin, wanda tun farkon tafiya suke son juna. Ya yi wa ubansa rantsuwa ba zai bari a buɗe ba. Sai su zare takubba a kan gada, suna sara suna hawaye, yana ce mata ki koma, tana ce masa ka matsa. In aka kai tsakiyar faɗan sai gem ya tsaya ya ba ka zaɓi: ko ta ajiye takobi, ko ta ci gaba.

In ta ajiye, ana ɗaura musu aure, ga kiɗa mai sanyi, ga fitilu. Sai dai can bayansu, in ka lura, za ka hango garinsu ya bushe ƙurmus. In ta ci gaba kuwa, babu wanda ya san abin da ke faruwa a duk faɗin Kura da Bunkure. Faifan Yaya na kwafi ne, ya sha karce. Daidai sanda takobinta ya sauka a kan nasa sai hoton ya daskare. An goge shi da man goge baki, an goge da fetur, an hura masa iska, a banza.

To wannan daskarewar ita ta raba majalisa biyu. Abin dariyar shi ne ba sai ka tambayi mutum ra'ayinsa ba, ka tambaye shi kawai ina gonarsu take. Duk wanda gonarsu ke bakin kanal ɗin noman rani, inda ruwa ke fara zuwa, cewa yake mai jan kallabi ba ta da tarbiyya. 'Yan ƙarshen ruwa kuwa har tafi suke mata.

Ranar Asabar da la'asar gardamar ta kai inda ta kai. Baballe mai kwandunan tumatir, magidanci da 'ya'ya uku amma kullum yana shagon, ya miƙe yana buga benci.

"Wallahi ko ni ne sai na sare shi! Soyayya ake sha in ƙishi ya zo?"

"Kai dai ka faɗi gaskiya, haushin gonarku kake ji," in ji wani daga baya.

"Eh ɗin, haushinta nake ji! Kai ka taɓa tsayawa a kan fangali kana jiran ruwa har azahar?"

Ina bayan labule ina gyaran zogale ina dariya, sai na ji ƙarar mashin ɗin da ko cikin barci na san shi. Musaddiƙ. Turarensa ya riga sallamarsa shigowa. Na leƙa ta hujin zanen, yana cikin shadda ruwan sararin samaniya, an yi mata guga har tana ɗaukar ido, hula ta ɗan karkace yadda ya san ina so. Ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan. Babu wanda ya haɗa mu, ni na gani na ce ina so.

Suka ce ango ya raba gardama. Ya zauna, ya harɗe ƙafa, ya yi murmushin nan nasa.

"Ai maganar a fili take. Shi rantsuwa ya yi wa mahaifinsa, ba shi da yadda zai yi. Ita ce ke da zaɓi. Macen da take son ka da gaske ba ta bari a kai ga zare takobi. Haƙuri za ta yi, in an yi auren sai ta lallaba shi a buɗe."

Rabin shagon suka ɗau shewa. Ni kuwa zogalen ya tsaya min a hannu.

"Kafin a gama bikin mutanen garin nata me za su sha?" na faɗa ta bayan labule.

Yaya Suhaibu ya yi gyaran murya irin ta ki rufa mana asiri. Musaddiƙ ya yi 'yar dariya ya ce, "Tafinta, ai gem ne."

A wurinsa gem ne. Bari in gaya muku abin da ya sa a wurina ba gem ba ne.

Gonar Babanmu da ta Alhaji Badamasi, mahaifin Musaddiƙ, ƙaramin kanal ɗaya suke sha. Tasu ce ta farko, tamu ce ta ƙarshe. Tun kafin a haife ni manoman layin suka raba kwanaki, kowa da ranar ruwansa. In ranarka ta zo, na sama da kai zai ɗauke buhunan yashin da ya tare ruwa da su, ruwa ya gangaro maka. Tamu Talata ce. Bana Alhaji ya ƙara alkama, alkama kuwa ba ta ƙoshi. Tun da aka sa ranar bikinmu, Talata uku ke nan a jere buhunan ba su motsa ba.

Da wani ne, da tuni Baba ya kai magana gaban shugaban layi, an gama a zama ɗaya. Amma wannan suruki ne. A garinmu uban yarinya ba ya buɗe baki ya kai ƙarar uban ango, ko da kuwa bisa wuyansa aka taka. In ya hango Alhaji a hanya ma sauya lungu yake saboda nauyi. Yaya Suhaibu ya ce zai je ya ɗauke buhunan, Baba ya ce in ya taka wurin bai yafe ba. Ni bai hana ni ba, don ko a mafarki bai kawo zan je ba.

Ranar Litinin da yamma ina shara Baba ya dawo daga gona. Ya jingine kekensa, ya zauna a kan turmi bai ko cire takalmin ruwansa ba, takalmin da babu ɗigon laka a jikinsa. Ya sa hannu a aljihu zai ciro carbi, sai furen tumatir ya zubo, 'yan ƙanana rawaya, duk sun yanƙwane. Ashe tsintar su yake yi a ƙasa. Ya yi sauri ya take su da ƙafa don kar mu gani. Na gani. Wannan tumatir ɗin shi ne abincin gidanmu na shekara, kuma in ya sake rasa ruwa sati ɗaya ya tafi.

Na bi Umma madafa.

"Umma, gobe Talata."

"Na san kwanakin mako, Rufaida."

"To haka za mu zuba ido?"

Ta ajiye muciya ta juyo. "Ki saurare ni da kyau. An kawo kayan sa rana, an raba goro da alawa har Garun Mallam. Kowa ya san gidan da za ki. Ki riƙe bakinki wata biyun nan. In kin shiga, kya yi maganar ruwa a cikin ɗakinki da lalama. Kuma na ji abin da kika faɗa a shago gaban maza. Ke wace irin yarinya ce da ba ta gudun abin faɗa?"

"Wata biyu tumatir zai jira ni?"

"Tumatir ana sake shukawa. Ke in aka fasa, ina zan sa kaina?"

Idonta ya kawo ruwa, nawa ma haka. Ban ga laifinta ba, tsoro take ji, ni ma tsoron nake ji. Na shige ɗaki na ɗauko 'yar Nokiyata daga ƙarƙashin filo. Saƙonsa na jira.

"Slm my Rufy. Jiya da yau shiru. Fushi ake da ni kan gem? I miss u."

Na rubuta: "Gobe Talata. Ka san ranar waye?"

Har na gama ninke kayan wanki sannan waya ta yi haske.

"Na sani. Alhaji ya ce sati biyu kawai alkama ta sha. Ni ya ce in tsaya a wurin gobe. Pls ki yi haƙuri, kar ki sa baki. Bayan biki zan gyara komai."

Na karanta ya fi sau biyar. Wato shi ne mai gadin ƙofar. Da a gem ne da na ce masu shirya shi sun cika ƙarya.

Talata, bayan an karya, na saka tsohuwar atamfata mai ganye-ganye wadda ta koɗe, na ɗora hijabi ruwan toka iya gwiwa. Jan kallabi ba ni da shi, da na ɗaura don tsokana. Takalmin ruwan Baba yana bakin ƙofa, don ya ce yau ba zai je gona ba, kansa ke ciwo. Na zura ƙafata ciki, ya yi min yawa, ina tafiya yana ƙwal-ƙwal. Umma tana wanka. Na ce wa ƙofar banɗakin na tafi unguwa, ban jira amsa ba.

Tafiyar rabin awa ce a kan gaɓar kanal. Ko'ina kore shar, albasa, alkama, masara, mata masu tsintar tumatir suna bina da kallo. Da na wuce ta gefen gonarmu ban iya tsayawa ba. Ƙasar fangalin ta tsattsage, ganye ya sunkuyar da kai. Na ƙara sauri.

Na hango shi tun daga nesa. Ya kafe mashin a gindin dalbejiya, yana zaune a kai da farin yadi, wai mai gadin ruwa da farin yadi. A gabansa buhu huɗu jere a cikin kanal, ruwa ya taru ya cika yana kwarara cikin alkamar Alhaji. Bayan buhunan kuwa busasshiyar laka.

Ya miƙe zumbur. "Rufaida? Me ya kawo ki nan?"

"Ruwanmu na zo ɗauka. Ina kwana."

"Lafiya lau. Don Allah ki koma gida kafin a gan ki."

"An riga an gan ni. Matsa."

Ya sha gabana. Kusa da kusa muka tsaya, har ina jin turarensa. Ya sassauta murya.

"Kin san halin Alhaji. In ya ji kin taɓa buhun nan, wallahi zai iya cewa a fasa. Ni kuma ba zan iya rasa ki ba. Ki ba ni wata biyu."

"Jiya Babana furen tumatir ya tsinto a aljihu, Musaddiƙ. Ka taɓa ganin dattijo yana ɓoye fure don kar 'ya'yansa su gani?"

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"Kunyarku yake ji. Saboda ni yake jin ta. To ni ba zan shiga gidanku a kan gonar ubana ba. In auren sai gonarmu ta bushe, a bar shi."

Na faɗa, kuma sai da na faɗa na ji nauyinsa. Amma na tattare hijabi na ɗaure a ƙugu, na zagaye shi na faɗa ruwa. Sanyinsa ya zarce takalmin ya cika shi. Na kama kunnen buhun farko na ja. Jama'a, jiƙaƙƙen yashi ba wasa ba ne. Na ja, na zame, na tashi, na sake ja, har ya mirgine gefe. Ruwa ya sami kafa ya fara tsartuwa. Na biyu ya karya min farce. Na uku na fitar da shi ina haki, laka har goshi.

Duk wannan yana tsaye. Bai hana ni ba, bai taya ni ba. Can gefe masu aikin Alhaji sun daina aiki sun jingina da fartanya suna kallo.

Na huɗu shi ne na ƙasa, ya nutse cikin laka. Na ja har bayana ya amsa, ko gezau. Hawaye ya fara zubo min, na haushi ne ba na komai ba. Sai na ji tsulum a gefena. Farin yadi a cikin kanal har gwiwa. Ya kama ɗaya kunnen buhun bai dube ni ba.

"Ɗaya, biyu," ya ce.

Muka ɗaga. Ruwa ya ɓalle da gudu, ya bi busasshen kanal yana tura ganye da tsinke a gabansa, ya nufi gonarmu.

Muka fito muna ɗiga. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "In Alhaji ya tambaya zan ce ni na ɗauke. Ke ba ki zo ba."

"A'a. Ka ce ni ce."

"Rufaida, rufa miki asiri zan yi."

"Ban yi sata ba balle a rufa min. Ranarmu ce. In zai karɓe ni, ya san wadda zai karɓa."

Na juya na bi ruwan. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan ba da kaina.

Labari ya riga ni isa gida. Umma ta dube ni tun daga hijabi har takalmi, ta zauna a bakin rijiya ta rafka tagumi, ko faɗan ma ta kasa. Baba kuwa ba ya nan. An ce da ya ji, silifas kawai ya zura ya hau keke. Daga shago ina jiyo Baballe yana rantsuwa wai ya ga ƙarshen gem yau da idonsa, wani yana ce masa ai yanzu aka fara.

Bayan azahar saƙo ya shigo.

"Na faɗa masa ke ce. Na faɗa masa ni na kama miki na ƙarshe. Ya ce zai turo Baffa Dattijo gidanku da la'asar."

Baffa Dattijo ƙanin Alhaji ne, shi ya kawo kayan sa rana. Wanda ya kawo kuwa shi ake turowa ya karɓa. Na zauna a bakin gado na ƙura wa akwatin kayan sa ranar ido. Na yi kuka, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ko a cikin kukan na tambayi kaina, da za a mayar da safiyar baya zan fasa? Ba zan fasa ba.

Baba ya dawo dab da la'asar, wandonsa a naɗe, ƙafarsa duk laka. Ya wuce ni a tsakar gida. Bai kai ga wanke ƙafar ba aka yi sallama. Ya ɗauki tabarma biyu ya fita zaure. Ni kuma na lallaɓa na maƙale a bayan ƙyaure, Umma tana yi min daƙuwa daga nesa amma ita ma ta kasa kunne.

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi iyali da zafi. Sannan Baffa Dattijo ya gyara babbar rigarsa.

"Malam Ɗanladi, Alhaji ya ce in tambaya. Kai ka aiki yarinyar nan?"

Na san Babana. Zai ce yarinta ce, a yi haƙuri, gobe za a mayar da buhu.

"Ban aike ta ba," in ji Baba a hankali. Ya dubi lakar ƙafarsa. "Sati uku ina jin nauyin Alhaji. Yau na tsaya a gonata na ga ruwa ya shigo, sai na ji kunyar 'yata ta fi. Ka gaya masa ranar Talata tawa ce, da auren da babu auren."

Na toshe bakina da hijabi. Shekarata ashirin da ɗaya ban taɓa jin Baba ya yi wa wani magana haka ba.

Baffa Dattijo ya buɗe baki zai amsa, sai ga ƙarar mashin a ƙofar gida. Sallama. Kun san saurayi ba ya shiga inda surukinsa yake zaune, ko a masallaci sahu yake sauyawa. Musaddiƙ ya shigo. Bai ko sauya kaya ba, farin yadin nan ya bushe da laka har gwiwa. Ya durƙusa ya gaishe su kansa a ƙasa.

Tabarma biyu ce a zauren. Baffansa ya matsa ya yi masa wuri a tasa. Musaddiƙ ya dubi wurin, ya miƙe, ya zagaya ya zauna a gefen tabarmar Baba, can ƙarshenta, laka kusa da laka.

Baffa Dattijo ya daɗe yana kallonsa.

"Kai, ka san abin da kake yi kuwa? Ka san saƙon da aka ba ni?"

"Na sani, Baffa."

"Kuma nan ne wurin zamanka?"

Musaddiƙ ya ɗago kai. Amma bai tashi ba.

"Yau Talata ce, Baffa," ya ce. "Nan ne."

Baffa Dattijo ya miƙe ya zura takalmi. Bai nemi akwatin ba, bai kuma ce an bar shi ba. Cewa ya yi kawai zai kai wa Alhaji abin da ya gani.

Kwana biyar ke nan, daga gidan Alhaji ko tari ba mu ji ba. Akwati yana nan a ɗakina, Umma kullum sai ta leƙa ta ga ko yana nan. Tumatir ɗin Baba ya ɗago kai. Hajiyar Kaduna, ki rubuto ki ce na yi rashin kunya, na yarda. Amma jibi Talata ce, kuma na riga na wanke takalmin.